Alkakin Gwaggo da Pie Ɗina

Masu karatu, ku gyara zama, don abin da ya same ni ranar Asabar ɗin nan ba a tsaye ake ba da labarinsa ba. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Raki, 'yar Gandun Albasa ce ni a Kano, ina master's a fannin lafiyar al'umma a nan Manchester. A Fallowfield nake zaune, a wani gidan haya da muke rabawa da wasu 'yan mata, wanda heater ɗinsa ba ya aiki sai ranar da ya ga dama.

Tun da na fara rubuta dissertation Umma ta canza mini salo. Da in ta kira daga Kano, abinci take fara tambaya ko na ci. Yanzu kuwa da mun gaisa sai ta fara lissafo mini 'yan matan dangi da aka sa wa rana, ta ƙare da cewa ni ina nan ina tara takardu kamar mai shirin fara sana'ar ƙosai. Kada ku ɗauka tilas take mini. Umma ba ta tilas, ajiyar zuciya kawai take yi a waya, kuma wallahi da wannan ajiyar zuciyar gara bulala.

Da ta ga ba na motsi sai ta kai ƙarata wajen Gwaggo Sabuwa, ƙanwar Abbanmu, wadda ta fi shekara ashirin a Sparkhill ta Birmingham. Ita kuwa Gwaggo dama neman aiki take. Ba a yi sati ba ta samo mini Abdulsalami Gimba, ɗan ƙawarta Hajiya Inaya. A Birmingham aka haife shi, aikin gwajin ido yake yi, mahaifinsa mutumin Kontagora ne, Allah Ya yi masa rasuwa tun yana secondary. Gwaggo ta ce yaro ne mai kunya, mai salla, ba ya shan ko shisha.

Saƙonsa na farko da ya shigo wayata cewa ya yi: "Salam. Ina wuni. Kai ne Raki?"

Na yi dariya har na ƙware. Na rubuta masa cewa ni ce, amma "ke" ake ce wa mace. Can sai ga amsa: "Sorry. Ke ne Raki?"

Daga nan na san akwai aiki.

Zuwansa na farko Manchester, wajen cin sushi ya ce zai kai ni. Na ja Bethany ta raka ni. Bethany ita ce ke ɗakin da ke kallon nawa, nurse ce, iyayenta mutanen Pankshin ne amma a nan aka haife ta, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina gajiya" da zagi guda biyu ba. Na sa doguwar riga ruwan zuma da mayafi baƙi, na fesa humrar da Umma ta haɗo ni da ita, ba don shi ba, don kada a ce 'yan Kano ba su iya fita ba.

Shi kuma, in faɗi gaskiya, ba laifi. Dogo ne, baƙi, da gilashi, da ɗan gemu a gyare, yana magana a hankali da irin Turancin mutanen Birmingham da ke fita ta hanci. Wajen kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙananan faranti ne suke ta zagaye a kan bel kamar jakunkunan matafiya a filin jirgi, kowa ya miƙa hannu ya cafke wanda ya yi masa. Da na ga yankan kifi ɗanye shar a kan dunƙulen shinkafa, na tambayi Bethany a kunne ko gas ne ya ƙare musu. Amma na daure na ɗanɗana, kuma kada ku gaya wa Umma, ba ƙarni ko kaɗan, narkewa yake a baki. Tsinkayen cin ne dai suka gagare ni, na ajiye su na sa hannu kamar yadda aka koya mini a gidanmu.

Abin da ya ɓata zaman shi ne hirar. Tun da muka zauna Abdulsalami yake maganar tuwo. Ya ce babu abin da yake so a duniya irin tuwon masara da miyar kuka. Ya ce ƙamshin daddawa yana tuna masa da asalinsa. Ya ce shi burinsa ya samu "proper home girl" wadda ta san al'ada. Yana faɗa yana kallon silin kamar mai kawo hadda, ga ɗanyen kifi a bakin tsinke yana juya shi kamar da tsinken aka haife shi. A raina na ce, to malam, ashe ba mata kake nema ba, mai tuƙa tuwo kake nema, har da takardar shaida daga Kano. Bethany sai taka mini ƙafa take yi a ƙarƙashin tebur don kada in yi magana.

Bayan kwana kaɗan sai ga voice note ɗin Gwaggo, irin dogon nan da sai ka nemi wajen zama kafin ka kunna. Taƙaitawarsa dai: Hajiya Inaya tana son ganina ranar Asabar, in zo da shiga ta mutunci, kuma in zo da alkaki wanda na yi da hannuna, don uwar miji a hannu take fara gane yarinya.

Ni Raki, alkaki? A gidanmu ma wajen wata tsohuwa a Mandawari ake sayowa duk salla. Abin da hannuna ya iya daban ne, kuma yau zan gaya muku. A sanyin farko da na yi a ƙasar nan, lokacin da rana ke faɗuwa tun la'asar, kewar gida ta kusa kwantar da ni, Bethany ce ta jawo ni kicin ta sa ni yanka mata apple. Ranar na fara ganin yadda ake yin pie. Tun daga nan na kamu. In supervisor ya ɓata mini rai, pie. In Umma ta yi ajiyar zuciya, pie. 'Yan gidanmu har sun san in suka ji ƙamshin kirfa daga ƙofa, to wani ya taɓo Raki.

Sai na yanke shawara. In dai hannuna ake son gani, to za a gan shi yadda yake. Wanda ya ga zai iya, bismilla. Wanda ke neman mai tuwo kuma, hanya a buɗe take.

Ranar Juma'a da na dawo daga library na ɗauki roba na bi hanyar masu keke da ke bayan unguwarmu, inda blackberry ke nuna a ƙarshen Agusta ba mai shi. Ga wanda bai san shi ba, ɗan itace ne ƙarami baƙi kamar ɗinya, ga zaƙi ga tsami, amma ƙayarsa ba ta da mutunci. Na dawo da roba cike da hannu duk karce, yatsuna kamar na yi lalle da shuni.

Na yanka bota mai sanyi ƙanana na murje ta cikin fulawa da kan yatsu har ta koma kamar tsaki, na ɗiga ruwan ƙanƙara kaɗan-kaɗan, na dunƙule na sa a fridge ya huta. Kwaɓin pie kamar Gwaggo yake, in ka cika taɓa shi sai ya yi tauri. Na fere apple irin mai tsamin nan, na haɗa da blackberry da sukari da kirfa da ɗan lemon tsami. Abin murzawarmu ya ɓata tun zamanin tsofaffin 'yan haya, da kwalbar man zaitun na murza. Saman kuma na yanka shi siri-siri na saƙa kamar tabarma, na shafe da ƙwai. Da ya fito daga oven, ja-ja-jur, ruwan yana tafasa yana leƙowa ta ramukan saƙar, Bethany ta tsaya a kansa ta daɗe, sannan ta ce in mutumin nan bai aure ni ba ita za ta yi wa yayanta magana.

Da safe na shirya cikin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, riga da siket, na yi ɗaurin da ya ci mini rabin awa, na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly da pie a cinya, na rungume shi kamar jariri. Da na sauka a tashar New Street ta Birmingham na hau bas zuwa Stratford Road. Gidan Gwaggo yana nan yadda na san shi, turaren wuta tun daga ƙofa, kujeru a lulluɓe, talabijin yana ta yi ba mai kallo.

Ta amsa gaisuwata, ta juya ni gaba da baya, ta ce ɗaurin ya yi. Sannan ta buɗe kwalin. Ta daɗe tana kallo.

"Raki, wannan burodin me ne yake zubar da jini?"

Na ce pie ne, Gwaggo, ni na yi da hannuna.

Ba ta yi faɗa ba. Ta dai girgiza kai, ta ce dama ta san za a rina, shi ya sa ba ta zauna jirana ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani kwano mai murfi cike da alkaki, yana ta ƙyallin zuma, wanda ta sa wata mata a unguwar Alum Rock ta yi mata. Ta ce in an tambaya in ce ni na yi, in kuma ba zan iya faɗa ba in yi shiru in sunkuyar da kai, kunya ma amsa ce. Pie ɗina kuwa aka tura shi but ɗin mota kusa da safaya taya, wai ko yaran maƙwabta za su so.

Na ɗauka gidan Hajiya Inaya za mu, mu tarar da kulolin tuwo a jere. Sai na ga Gwaggo ta faka a gaban wani gidan abincin mutanen Thailand. Ita ma fuskarta ba daɗi, ta ce ƙawarta ce ta zaɓa, ita ba ta san me ya shiga kan Inaya ba tun da ta yi ritaya.

Hajiya Inaya gajeriya ce mai fara'a, da abaya ruwan goro da takalmin trainers fari. Na durƙusa na gaishe ta, ta ɗago ni ta ce, "Tashi 'yata, kada ki ɓata atamfarki." Ma'aikatan wajen duk sun san ta. Ko menu ba ta buɗe ba ta fara oda. Gwaggo kuwa sai da aka nuna mata shaidar halal a jikin bango, ta sa gilashi ta karanta, sannan ta yarda ta zauna. Da aka kawo tom yum ta kurɓa ta ce wannan ai farfesu ne aka matse wa lemo. Pad thai ta ce taliya ce da gyaɗa, ba wani abu ba. Green curry kuma ta ce miyar taushe ce wani ya zuba wa turare. Duk da haka ban ga ta ajiye cokali ba.

Abdulsalami ya sha shadda fara da hula zanna, wadda ya kafa ta a tsakiyar kai kamar murfin tukunya. Da mai ɗaukar oda ya tambaye shi yaya yake son yajin nasa, sai ya saci kallona, ya gyara murya ya ce a yi masa irin wanda 'yan Thailand suke ci. Mutumin ya sake tambaya. Mahaifiyarsa ma ta ce, "Abdul, are you sure?" Ya ce ai shi Bahaushe ne.

Loma ta farko ya haɗiye da ƙyar. Ta biyu gilashinsa ya yi hazo. A ta uku shaƙuwa ta kama shi, hawaye na bin gemu, hular ta zame gefe, amma bawan Allah bai fasa kai cokali baki ba. Na cije leɓe har na ji zafi. Da na ga abin zai zama na asibiti sai na tura masa farar shinkafata da kofin madarar kwakwa ba tare da na dube shi ba. Ya karɓa ya ce, da muryar da ta shaƙe, "Na gode. Ke ce mai kirki." Ban san lokacin da na ɗago ba. Ashe ya je ya gyara "ke ne" ɗinsa.

Ana cikin haka Gwaggo ta ga lokaci ya yi. Ta jawo kwanon alkaki daga jaka ta ɗora a gaban ƙawarta, ta ce ga ɗan abin da 'yarta ta kwana biyu tana yi, yarinya ce da ba ta zama sai a kicin. Hajiya Inaya ta buɗe, ta gutsura, ta lumshe ido ta sa albarka. Sannan ta juyo gare ni ta ce ita kullum nata watsewa yake a mai, kwana nawa nake barin kwaɓin ya tashi?

Na sunkuyar da kai kamar yadda aka umarce ni. Amma matar nan kallona take da zuciya ɗaya, tana jiran amsa. Na ji ba zan iya ba.

"Mama, ba ni na yi ba. Ban iya alkaki ba. Abin da na yi yana cikin but ɗin mota."

Wani mintsini da Gwaggo ta sakar mini a cinya, har yau wajen bai washe ba.  Hajiya Inaya ta dubi ƙawarta, ta dube ni, ta tambayi mene ne a but ɗin. Da na ce apple da blackberry pie, sai ta ajiye alkakin, ta fara dariya har tana dafa kafaɗar Gwaggo. Ta ce, "Sabuwa, ba za ki canza ba. Ku tashi mu je gida, ina da custard."

A mota kuwa, ko signal da fushi Gwaggo take kunna shi.

Gidan Hajiya Inaya ba nisa. Manya suka zauna a falo, aka tura ni kicin in ɗuma pie, aka tura Abdulsalami ya nuna mini inda kaya suke, ƙofa a buɗe yadda Gwaggo za ta riƙa hango mu. Ya cire hular ya ajiye a kan fridge, ya naɗe hannun riga ya hau dama custard, kuma da gani ba yau ya fara ba. Na yanka masa ɗan ƙarami ya ɗanɗana. Ya tauna a hankali, sannan ya ce tun da na faɗi gaskiya a gaban kowa, shi ma yana da tasa.

"Raki, I can't stand miyar kuka."

Na saki wuƙar na dube shi. Ya ce tun yana yaro in aka yi ta, toast yake ci. Ashe kafin ya zo Manchester Gwaggo ce ta kira shi ta yi masa darasi: wai ni 'yar gargajiya ce ta gidan malamai, ba na son yaran da suka zama Turawa, in yana son in saurare shi to ya yabi tuwo, ya ambaci daddawa. Har maimaitawa ta sa ya yi. Yajin yau kuma nasa ne, ƙarin kansa.

Dariya ta ci ƙarfina har na zauna a kan kujerar kicin. Shi ma yana yi yana riƙe ciki, don har lokacin yajin bai gama da shi ba. Daga falo Gwaggo ta yi gyaran murya, muka rage sauti. A wannan ɗan tsakanin muka yi hirar da ba mu yi ba tun haɗuwarmu. Ya ba ni labarin tsofaffin da ke zuwa gwajin ido su haddace haruffan allo don kada a ce idonsu ya mutu. Na ba shi labarin ranar da na fara shiga bas a Oxford Road na yi wa direba sallama. Ya ce in daina kiransa Abdulsalami kamar headmaster, Abdul ya isa. Masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, a nan ne na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, kuma ba yaji ba ne.

Da na ga ana zuba gaskiya, sai na zuba wadda ko Umma ban gaya wa ba tukuna. Na ce masa supervisor ɗina ya samo mini gurbin PhD a nan Manchester, da scholarship, shekara uku zuwa huɗu, kuma abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan. Na ce ga shi Manchester da Birmingham ba nisa, jirgi ɗaya ne. Da na faɗi wannan sai kunya ta kama ni, don na ji inda maganar ta nufa.

Na ɗauka zai yi murna. Ya yi, ya ce masha Allah, ya ce na cancanta. Amma cokalin ya tsaya a cikin tukunya. Ya rage wutar, ya cire gilashi ya goge, ya mayar.

Ya ce akwai abu ɗaya a cikin haddar da ba Gwaggo ce ta koya masa ba, shi ne maganar asali. Bara ya je Kontagora ganin kabarin mahaifinsa, ya tarar da kakarsa ta daina gani saboda yanar ido, abin da a nan aikin rabin yini ne. Tun da ya dawo bai samu sukuni ba. Ya nemi aiki da wani asibitin ido a Minna, sun ɗauke shi, ya riga ya ba wajen aikinsa notice. A Janairu zai tafi, kuma ba da niyyar dawowa ba. Ya ce shi ya sa da aka ce masa ga yarinya daga gida da ta kusa gama karatu, ya ɗauka hanyarmu ɗaya.

 Ni na ƙetaro teku ina neman wajen zama, shi yana haɗa kaya zai koma inda na baro. Custard ya fara kamawa a ƙasan tukunya, ba wanda ya kula a cikinmu.

Sai muryar Hajiya Inaya daga falo, tana cewa mu fito da pie ɗin nan haka, ga baƙuwa. Na ɗauki tire na fita, Abdul na biye da ni. Gwaggo ce riƙe da waya a sama, fushin nan duk ya tafi, bakinta har kunne. A fuskar wayar kuwa Umma ce, ta sha ɗauri kamar ranar suna, Abba na leƙowa ta bayanta.

Gwaggo ta ce ai magana ta ƙare, tun daga falo suke jin dariyarmu. Hajiya Inaya ta ce ita ta ga 'ya, yarinyar da ta iya faɗin gaskiya a gaban Sabuwa ba abin da zai gagare ta, kuma in an ba su dama baffanninsa za su taso daga Kontagora su je Kano gaisuwa kafin ƙarshen wata.

Abba ya matso da fuskarsa kusa da wayar, ya ce shi ba ya yanke wa 'yarsa hukunci. "Rakiya, ke muke saurare."

Na juya na dubi Abdul. Yana tsaye a bakin ƙofar kicin da tukunyar custard a hannu, bai ce in ce e ba, bai ce in ce a'a ba. Duk falon nan, da Kano gaba ɗaya, mu biyu ne kaɗai muka san ba tambaya ɗaya aka yi mini ba.

Na ajiye tiren a hankali. Na ce, "Abba, kafin in amsa, akwai maganar da ban gaya muku ba."